Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarihin Wasan Kwaikwayon Turai

Ɗaliban adabi da masu sha'awar wasan kwaikwayo sukan ci karo da sunaye irin su Sofokilis da Shekisfiya da Ibsen a warwatse, ba tare da an nuna musu igiyar da ta ɗaure su ba. Amsoshin da ke ƙasa sun bi tarihin tun daga Girka har zuwa ƙarni na 20, kuma an fi mai da hankali ga wanda ya biya kuɗin wasa, da wanda ya hana shi, da wurin da 'yan kallo suka zauna, domin waɗannan su ne suka fi tsara kamannin wasan a kowane zamani.

Me ake nufi da wasan kwaikwayon Turai?

Ana nufin al'adar wasan dandamali wadda ta taso a birnin Atina na ƙasar Girka, ta ratsa ta Rum, ta bazu a Italiya da Sifaniya da Ingila da Faransa da Jamus da Rasha, daga baya ta haye teku zuwa Amurka. Kwaikwayo kansa babu al'ummar da ba ta da shi, kuma Indiya da Sin da Japan suna da nasu tsofaffin al'adun masu zurfi. Abin da wannan al'ada ta shahara da shi shi ne rubutaccen wasa mai sunan marubuci, wanda 'yan wasa suke haddacewa su gabatar a wani gini da aka keɓe domin kallo.

A ina aka fara, kuma yaushe?

A bikin Diyonisas, abin bautar Girkawa na inabi da yabanya, wanda ake yi a Atina kowace shekara wajen ƙarshen watan Maris. Tun da daɗewa akwai ƙungiyoyin 'yan amshi masu waƙa da rawa a wannan biki. Abin da Girkawa suka ruwaito shi ne wani mutum mai suna Tesfis ya fito daga cikin 'yan amshi, ya ɗauki matsayin mutumin da ake ba da labarinsa, ya riƙa mayar musu da magana da bakin wannan mutum, kuma ana danganta masa nasara a gasar farko wajen shekara ta 534 kafin Miladiyya. Daga nan Eskilas ya ƙara ɗan wasa na biyu, Sofokilis ya ƙara na uku, sai magana tsakanin mutum da mutum ta fara rinjayar waƙa.

Wasa mafi tsufa da ya iso gare mu cikakke shi ne Farisawa na Eskilas, wanda aka nuna a shekara ta 472 kafin Miladiyya. Marubucin ya yi yaƙi da Farisawa da hannunsa a Maraton, amma da ya tashi rubutu sai ya kai labarin fadar abokan gaba, ya nuna makokinsu bayan an karya rundunarsu ta ruwa a Salamis, a gaban 'yan kallon da da yawansu sun halarci yaƙin shekara takwas da suka wuce.

Abin da ya tsira kaɗan ne ƙwarai. Sofokilis ya rubuta wasanni fiye da 120, amma 7 kawai suka rage. Na Eskilas ma 7 ne. Na Yurifidis 19 ake dangantawa da shi. Na Aristofanis, gwanin barkwanci, 11. Duk hukuncin da ake yankewa a kan wasan Girkawa a kan wannan ɗan ragowa aka gina shi, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa.

Yaya ake gudanar da wasa a tsohuwar Atina?

Harkar gwamnati ce da addini, ba sana'ar 'yan kasuwa ba. Hukumar birni ita ke zaɓen marubuta uku na wasan ban tausayi, kowannensu ya kawo wasanni uku da na huɗu mai raha. Ana ɗora wa wani attajiri nauyin horar da 'yan amshi da tufatar da su, a matsayin wani nau'i na haraji wanda kuma yake jawo masa suna. Alƙalan gasa ta hanyar ƙuri'a ake fitar da su daga ƙabilun birnin guda 10.

Dandalin a fili yake, a gefen tudu, kujeru suna hawa sama kamar matakala, a ƙasa kuma akwai da'irar da 'yan amshi suke rawa. Na Efidauras, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, yana nan har yau, yana ɗaukar mutum kusan 14,000, kuma har yanzu ana wasa a cikinsa. Girman wurin ne ya tilasta abubuwa da dama. Tunda wanda ke can sama ba zai ga motsin ido ko na leɓe ba, sai 'yan wasa suka dogara ga murya da faɗin motsin jiki. Dukkansu maza ne, suna sanye da abin rufe fuska, wanda ya ba mutum uku damar fitowa a matsayin mutum takwas ko fiye, har da mata da tsofaffi. Kisa da zubar da jini yawanci ba a nuna su. Wani manzo ne yake shigowa a guje ya ba da labarin abin da ya auku a cikin gida. Akwai kuma wata ƙugiyar ɗaga kaya da ake sauko da ɗan wasa daga sama a matsayin abin bauta domin ya warware rikicin da ya gagari mutane, dabarar da masu sharhi suka daɗe suna kushewa a matsayin mafakar marubucin da labari ya ƙwace masa.

'Yan kallon ba sa ɗaukar abin da wasa. Masanin tarihi Herodotas ya ruwaito cewa da Firinikas ya nuna wasa kan faɗuwar birnin Miletas a hannun Farisawa, sai dandali ya ɓarke da kuka, hukuma ta ci shi tarar dirakma 1,000 saboda ya fama wa mutane miki, ta kuma hana a sake nuna wasan.

Mene ne bambancin wasan ban tausayi da na barkwanci, kuma me Aristotal ya ce a kai?

Wasan ban tausayi, wanda ake kira tarajedi, yakan ɗauko wani babban mutum daga tatsuniyoyin Girkawa ya bi shi har ya faɗi. Misalin da aka fi kawowa shi ne Sarki Odifas na Sofokilis: sarki ya rantse sai ya gano wanda ya kashe magabacinsa domin a yaye annoba daga birni, bincikensa ya yi ta matsowa har ya tarar shi ne mai kisan, wanda aka kashe mahaifinsa ne, matar da yake aure kuwa mahaifiyarsa. Wasan barkwanci, wato kwamedi, mutanen gari masu rai yake caccaka da sunansu. Aristofanis ya mai da masanin falsafa Sokratis abin dariya a shekara ta 423 kafin Miladiyya, a wani wasan kuma na shekara ta 411 ya sa matan Girka suka ƙaurace wa mazajensu har sai sun daina yaƙi.

Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya rubuta ɗan littafinsa kan fasahar waƙa wajen shekara ta 335 kafin Miladiyya, bayan manyan marubutan sun daɗe da rasuwa. A ganinsa zubin labari shi ne ran wasa, ya fi halayen taurari muhimmanci. Tauraro kada ya zama waliyyi kada kuma ya zama mugu tsantsa, sai dai mutumin da kuskure ya kai shi ƙasa. Manufar kuwa ita ce a tayar da tausayi da tsoro a zukatan masu kallo har su samu wani irin wankin zuciya.

Akwai wani abin lura a nan ga wanda ya yi karatun Larabci. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10, ta hannun Abu Bishr Matta bin Yunus, kuma Ibn Sina da Ibn Rushd duk sun yi masa sharhi. Da yake malaman ba su san dandamali irin na Girkawa ba, sai aka fassara tarajedi da madahu, kwamedi kuma da hija'i, wato yabo da zambo. Sharhin Ibn Rushd ne aka juya zuwa Latin a ƙarni na 13, kuma ta wannan taga malaman Turai suka daɗe suna leƙen littafin kafin su koma ga asalin Girkancinsa.

Me Rumawa suka ƙara?

Gini da barkwanci. An fara nuna wasa irin na Girka a Rum a shekara ta 240 kafin Miladiyya. Filotas ya cika wasanninsa da bawa mai wayo da tsoho marowaci da soja mai cika baki, halayen da aka yi ta gado har zuwa wasannin talabijin na yau. Terens kuwa ɗan Afirka ta Arewa ne daga Kartej, an kawo shi Rum yana bawa, aka 'yanta shi, ya bar wasanni 6 da makarantun Turai suka yi ƙarnoni suna koyar da Latin da su. Seneka ya rubuta wasannin ban tausayi masu cike da fansa da fatalwa, waɗanda suka yi tasiri a kan marubutan Ingila bayan shekara 1,500.

Gidan wasa na dutse na farko a birnin Rum shi ne wanda jarumin yaƙi Fomfe ya gina, a shekara ta 55 kafin Miladiyya, kuma kangayen irinsa suna nan a Sabrata ta Libiya da Dugga ta Tunisiya da Timgad ta Aljeriya. Sai dai ɗan wasa a Rum ba shi da daraja a idon doka, da yawansu ma bayi ne, kuma a hankali tseren keken doki da faɗan 'yan takobi suka janye jama'a.

Da gaske ne coci ta kashe wasan kwaikwayo sannan ta farfaɗo da shi?

Kusan haka ne, ko da yake masu yawon nishaɗantarwa a kasuwanni ba su taɓa ƙarewa ba. Malaman Kirista na farko, irin su Tertuliyan na Kartej wajen shekara ta 200, sun la'anci gidan wasa saboda alaƙarsa da bautar gumaka da batsa, kuma an riƙa hana 'yan wasa wasu ibadu sai sun bar sana'ar. Bayan rushewar daular Rum ta yamma a ƙarni na 5, gidajen wasa suka zama kufai.

A ƙarni na 10 kuma sai ga kwaikwayo ya ɓullo a cikin cocin kanta. A ibadar Ista, bikin da Kiristoci ke tunawa da tashin Yesu daga matattu, wani limami yakan zauna a matsayin mala'ika a bakin kabarinsa ya tambayi wasu uku da suka fito a matsayin mata wa suke nema, su amsa cikin waƙa. Wani kundin dokokin gidajen ibada na Ingila na wajen shekara ta 970 har ya bayyana yadda za su yi tafiya kamar masu neman wani abu. A wannan ƙarni ne kuma wata mai zaman ibada a Jamus, Hrosvitha, ta rubuta wasanni 6 bisa salon Terens.

Da abin ya bunƙasa sai ya fita titi, ya bar Latin ya koma harsunan jama'a, ƙungiyoyin masu sana'a suka karɓe shi. A birnin York na Ingila ana jera wasanni kusan 48 a rana ɗaya, daga halittar duniya har tashin kiyama, kowanne a kan amalanken da ake ja daga mahaɗa zuwa mahaɗa. Rabon aikin ma da hikima: masassaƙan jirgi su ke nuna sassaƙa jirgin Annabi Nuhu, maƙeran zinariya su ke nuna masanan gabas da kyaututtukan da suka kai wa jariri Yesu, masu gasa burodi su ke nuna jibin ƙarshe na Yesu da almajiransa. Rikicin Katolika da Furotesta ne ya kawo ƙarshen wannan al'ada. A Faris an hana irin waɗannan wasanni a shekara ta 1548. Ƙauyen Oberammergau na Jamus ne ya riƙe nasa, wanda ya fara a 1634, ana yi duk bayan shekara 10.

Daga ina dandamali mai labule irin na yau ya fito?

Daga Italiya. Masu zane sun gano dabarar sa hoto ya yi zurfi a ido, sai aka kawo ta bayan dandamali, aka kuma yi wa bakinsa wani firam kamar na hoto domin ya ɓoye igiyoyi da injuna. Gidan wasan Olimpico na Vicenza, wanda aka buɗe a 1585 da wasan Odifas, da na Farnese a Parma na 1618, suna nan ana ziyartarsu. A fadojin Italiya ne kuma aka haifi opera, wasan da ake rera shi gaba ɗaya, wajen shekara ta 1600.

A kasuwa kuwa wani abu daban ake yi. Ƙungiyoyin 'yan wasa masu cin abinci da sana'ar, waɗanda akwai takardar yarjejeniyar ɗaya daga cikinsu ta 1545 a Padua, suna yawo gari-gari ba tare da cikakken rubutu ba. Ana manna taƙaitaccen tsarin labari a bayan dandamali, kowa ya san halin da yake fitowa da shi shekara da shekaru: Pantalone tsohon ɗan kasuwa marowaci, Dottore malamin da surutunsa ya fi iliminsa, Arlecchino bara mai yunwa da tsalle-tsalle. Maganar kuwa a take ake ƙirƙira ta.

Me ya sa sunan Shekisfiya ya danne na kowa?

Dalili na farko gwaninta ce, ba a musun wannan: ya iya haɗa sarki da mahaƙin kabari a fitowa ɗaya, ya sa a yi dariya ana tsakiyar makoki, kuma taurarinsa suna gardama da zuciyarsu a gaban jama'a ta yadda ba a saba gani ba. Amma yanayin kasuwar da ya yi aiki a cikinta ya taimaka. An gina gidan wasa na dindindin a bayan garin Landan a 1576, saboda mahukuntan cikin birni ba sa son sana'ar, kuma dokar 1572 ta ɗauki ɗan wasan da ba shi da ubangida a matsayin ɗan zaman banza. Saboda haka kowace ƙungiya take neman inuwar wani basarake. Ta Shekisfiya ta koma ƙarƙashin Sarki James da kansa a 1603.

Gidan Globe na ƙungiyar Shekisfiya, wanda aka gina a 1599 da katakon tsohon gidan da suka kwance suka haye kogin Thames da shi, yana ɗaukar mutum kusan 3,000. Mai kwabo ɗaya yana tsaye a tsakar fili, rana ko ruwa a kansa, mai hali yana zaune a rumfa. Dole marubuci ya gamsar da ɗan dako da lauya a lokaci guda. Da rana tsaka ake wasa, babu kayan ado na kirki, shi ya sa taurarin suke faɗa da baki cewa dare ya yi ko ga daji nan, kuma wannan rashi ne ya haifar da yawancin siffantawar da ake yabo a yau. A ranar 29 ga Yuni, 1613, aka harba igwa a cikin wani wasa, tartsatsi ya kama jinkan ciyawa, gidan ya ƙone ƙurmus. Wata wasiƙa ta lokacin ta ce ba a rasa rai ba, sai wani mutum da wandonsa ya kama wuta aka kashe da kwalbar giya.

Dalili na biyu shi ne adanawa. Shekara 7 bayan rasuwarsa, a 1623, abokan aikinsa biyu suka tattara wasanni 36 suka buga, kuma 18 daga ciki, har da Macbeth, ba a taɓa buga su ba kafin nan. Na uku kuwa mulkin mallaka ne, wanda ya kai littattafansa kowace makaranta daga Kalkata har Katsina. Lope de Vega na Sifaniya, tsaransa, ya bar wasanni ɗaruruwa, kuma da Sifaniyawa ne suka mallaki ƙasashen da Ingila ta mallaka, da wataƙila shi ake haddacewa.

Mene ne ƙa'idoji uku da ake dangantawa da Faransa?

Su ne cewa wasa ya kasance labari ɗaya, a wuri ɗaya, cikin yini ɗaya. Ana jingina su ga Aristotal, amma shi na farkon kawai ya nanata, ya ambaci lokaci a gurguje, bai ce komai kan wuri ba. Wani malamin Italiya, Castelvetro, ne ya mai da su doka a 1570. Faransawa suka riƙe su da ƙarfi. Da Corneille ya fito da Le Cid a 1637, jama'a suka yi ta tururuwa, amma masana suka ce ba zai yiwu saurayi ya kashe uban budurwarsa, ya ci yaƙi, ya yi fito-na-fito, sannan a fara maganar aure, duk cikin awa 24 ba, har sai da Majalisar Harshen Faransanci ta fitar da hukunci. Racine ne ya nuna cewa ƙuncin ƙa'idar yana iya zama ƙarfi, domin yakan kama labari daidai lokacin da tukunya ta kusa fashewa. Ba a karya wannan mulki ba sai a 1830, lokacin da magoya bayan Victor Hugo da 'yan gargajiya suka yi ta ihu da zage-zage a gidan wasa dare bayan dare.

Molière kuwa, ɗan mai yi wa fada kayan ɗaki, ya koyi sana'a ne a yawon shekara 13 a lardi. Wasansa Tartuffe, kan wani munafuki mai fakewa da ibada ya cinye gidan mai masaukinsa, an hana shi a 1664, ba a sake shi ba sai 1669. A ranar 17 ga Fabrairu, 1673, ciwo ya kama shi a kan dandamali yana fitowa a matsayin mai ciwon ƙarya, ya rasu a daren. Da yake bai tuba daga sana'ar ba kafin ya cika, sai da sarki ya sa baki kafin a yarda a binne shi, shi ma da dare.

Yaushe mata da baƙaƙen fata suka hau dandamali?

A Italiya mata suna wasa tun wajen shekarun 1560, Sifaniya da Faransa suka biyo baya. A Ingila yara maza ne suka fito a matsayin dukkan matan Shekisfiya a zamaninsa. Majalisa ta rufe gidajen wasa a 1642, da aka buɗe su a 1660 bayan dawowar Sarki Charles na Biyu ne aka fara ganin mata.

Othello, tauraron wani wasan Shekisfiya, baƙar fata ne a rubuce, amma Turawa suka yi ta shafa baƙi suna fitowa a matsayinsa. Ira Aldridge, haifaffen New York a 1807, ya bar Amurka saboda wariya, ya fito a wannan matsayi a gidan wasan Covent Garden na Landan a 1833, jaridun Landan da dama suka yi masa cin mutunci, amma ya samu karramawa a Jamus da Rasha, ya rasu a Poland a 1867. Sai a 1959 aka nuna wasan da baƙar mace ta rubuta, wato na Lorraine Hansberry, a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York.

Hukuma ta taɓa tace wasanni?

Ƙwarai kuwa. A Birtaniya dokar 1737 ta wajabta a kai kowane sabon wasa ofishin wani babban jami'in fada ya duba kafin a nuna shi, kuma wannan tacewa ba ta ƙare ba sai 1968.

Ta yaya wasa ya koma kan rayuwar talakawa da 'yan boko?

Fitila tana da hannu a ciki. Gidajen wasan Landan sun fara amfani da iskar gas wajen 1817, gidan Savoy ya koma lantarki gaba ɗaya a 1881, Wagner, mai tsara opera, kuma ya riƙa dushe fitilun wajen 'yan kallo a gidan wasansa na Bayreuth a Jamus daga 1876. Da zauren ya yi duhu dandamali ya yi haske, sai 'yan kallo suka yi tsit, suka zama kamar masu leƙen ɗakin wani ta bangon da aka cire, ɗan wasa kuma ya daina buƙatar ɗaga murya da hannu.

Henrik Ibsen na Norwe ya shigo da matsalolin wannan ɗaki: bashi, gado, cutar da ake ɓoyewa, auren da babu gaskiya a cikinsa. A wasansa na 1879, Nora ta gane mijinta ya ɗauke ta 'yar tsana, ta ajiye masa zobe da makullai, ta bar shi da 'ya'ya uku ta fita. Wata shahararriyar 'yar wasa a Jamus ta ce ita ba za ta taɓa barin 'ya'yanta ba, ta ƙi fitowa, har Ibsen ya rubuta wani ƙarshen dabam ba da son ransa ba. A Faris, André Antoine ya rataye naman shanu na gaske a dandamali a 1888. A Mosko, Stanislavski da Nemirovich-Danchenko suka kafa gidan wasansu a 1898, suka ɗauko wani wasan marubucin Rasha Chekhov da ya sha ihu a Petersburg shekara biyu kafin nan suka mai da shi abin yabo. Tsarin Stanislavski, na cewa ɗan wasa ya tambayi kansa abin da tauraron yake so a kowace fitowa, shi ne ya haye Amurka ya zama ginshiƙin horar da 'yan fim. A wannan zamani ne kuma darakta ya zama mai faɗa a ji. Kafin nan babban ɗan wasa ko marubuci ne ke tsara abin.

Me ya sa wasu marubutan ƙarni na 20 suka juya wa wannan salo baya?

Bertolt Brecht na Jamus yana ganin ɗan kallon da ya nutse cikin tausayi ya daina tunani. Saboda haka yakan bar fitilu a bayyane, ya ɗaga allo mai faɗin abin da zai faru kafin ya faru, ya katse labari da waƙa, domin mutum ya riƙa tambayar dalilin da ya sa abin ya kasance haka da kuma wanda ya ci riba. Ya gudu daga Jamus a 1933, ya dawo ya kafa ƙungiyarsa a Berlin ta Gabas a 1949.

Samuel Beckett ya bi wata hanya. A wasansa da aka fara nunawa a Faris a Janairun 1953, mutum biyu suna zaune a gindin wata bishiya suna jiran wani Godot wanda bai zo ba har aka tashi. Masu sharhi da yawa sun ce babu komai a ciki, amma da aka nuna shi ga fursunonin gidan yarin San Quentin a Amurka a 1957, sun bi shi da natsuwa, domin su jira ba baƙonsu ba ne.

Wace alaƙa ke tsakanin wannan tarihi da wasan kwaikwayon Hausa?

Hausawa ba su koyi kwaikwayo daga Turawa ba. Tashen watan azumi, da wasan gauta inda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa, da 'yan kama masu kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da miya, duk sun riga makarantar boko. Wanda ya san 'yan kama zai fahimci ƙungiyoyin yawo na Italiya fiye da wanda ya karanta su a littafi kawai. Abin da ya zo ta hanyar boko shi ne rubutaccen wasa mai kashi da fitowa. Rupert East ya buga wasannin Hausa guda shida a 1930, Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda suka fara a rediyo, Mohammed Sada kuma ya rubuta Uwar Gulma. Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasan barkwanci na Shekisfiya da sunan Daren Sha Biyu a 1971.

A sauran Afirka ma an ɗauki kayan an sarrafa su. Ola Rotimi ya mai da labarin Odifas ƙasar Yarbawa a 1968, Wole Soyinka ya sake gina wani wasan Yurifidis a 1973, Julius Nyerere ya fassara wasannin Shekisfiya biyu zuwa Swahili. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, tun daga shekarun 1970, malamai da ɗalibai suka riƙa fita Samaru da ƙauyukan kewaye, su saurari matsalolin manoma, su shirya wasa da Hausa a dandalin gari, sannan su tsaya a tattauna da masu kallo, salon da ke da dangantaka da tunanin Brecht da na Augusto Boal na Brazil.